Wake Ne, Baba

Cape Town, 9 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya, ku da Mama. Yaya shanu? An samu ruwa a Mahalapye?

Ni lafiya lau, aikina ci ne kawai. Kamfaninmu yana yin boga, wato curin naman da ake sa wa cikin burodi, amma da wake maimakon nama, kuma don ni 'yar makiyayi ce aka ɗauke ni aikin ɗanɗano, ba don digirina ba. Abin ba laifi, tunda ba yanka, ba kiwo. Sai dai gishiri ya yi yawa, ya fi naman gaske tsada, ba ƙashin tsotsa, cikina kuma kullum a kumbure. Kada Mama ta ji.

Ran Talata aka rufe mini ido, aka ba ni faranti biyu, ɗaya na nama, ɗaya na wake. Na nuna ɗaya na ce, "Wannan saniya ce, irin ta gidanmu." Wake ne, Baba.

Shugabata Annelie ta rungume ni ta ce, "Onalenna, kin gama mana talla. Za mu buga maganarki a kwali, har da sunan babanki."

In na ƙi, aikina ya ƙare a Satumba. In na yarda, mahautan da ke sayen shanunku za su karanta. Ban san ko cin jarrabawar na yi ko faɗuwa ba.

Ku yanke mini shawara. Ku kuma aiko mini da busasshen nama ta hannun direban bas, in ci ido buɗe, in ji ko har yanzu ina gane gida.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarku,
Onalenna