Sakatar Ɗakin Saloma

Lahadi, 1 ga Yuni, 2025

Kai da ka buɗe wannan littafi, rufe shi, ba naka ba ne. Idan mijina Saje ne, ka ji kunyar furfurarka. Idan Saloma ce, ban yi miki tarbiyyar leƙe-leƙe ba. Ko ina kasuwa, Allah yana gani.

To. Na fara rubutu ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, ni ake kawo wa ƙarar 'ya'yan mutane. Wa zan kai wa tawa?

Saloma ce, autata. Shekararta ashirin da biyar, malamar firamare. A watan Fabrairu ta baro aikinta a Wasagu, bayan ranar da aka yi gudun 'yan bindiga ta yini a daji da ɗalibanta. Ba wanda ya taɓa ta, mun gode Ubangiji. Amma tun da ta dawo ta shige ɗaki. Tuwo loma uku. Coci sai na yi faɗa. Waƙa kuwa, ita da ta fi kowa murya a cikin mawaƙa, shiru. Na ce mata lalaci ne, ta tashi ta yi addu'a. Yayanta Ebenezer yana can Borno da bindiga a hannu, ni na kwanta ne? Ta ce to, Mama. Kullum to, Mama.

Laraba, 4 ga Yuni

Yau ma. Laraba ta uku ke nan.

Ƙarfe huɗu daidai ta ɗauki waya, ta tura abin sauraro a kunne, ta shiga ɗaki ta tokare ƙofa da buhun dawa. A gidan nan babu ɗakin da ke da sakata, ni na sa aka cire su tun yaran suna ƙanana. Mai halin kirki ba ya buƙatar kulle ƙofa. Na tsaya wajen, ina shanya zane. Na ji kuka. Can kuma na ji dariya, dariyar da rabona da ita wata huɗu.

Namiji ne. Ba sai an gaya mini ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na gaya wa Saje. Yana zaune yana gyaran rediyonsa, aikin da ya ba kansa tun da ya ajiye kaki. Ya ce, "Kwamanda, ki bar yarinya. Jiya ta ci tuwo har da ƙari." Na ce ai shi ne abin tsoron. Na tuna masa shi golmo ya yi, shekara da shekaru yana nome gonar babana kafin a ba shi ni, kowa a ƙauye ya san fuskarsa da ƙarfin hannunsa. Wannan ko gaisuwa bai zo ba, sai ta waya. Ya ce, "Da akwai waya a lokacin, da bayana bai lanƙwashe haka ba."

Ban yi dariya ba. Sai da na shiga kicin.

Asabar, 7 ga Yuni

Ta share tsakar gida ba tare da an sa ta ba. Wannan mutum ya iya baki.

Laraba, 11 ga Yuni

Hadari ya taso wajen uku da rabi, na aike ta ta kwance awaki. Wayar tana kan gado, na saka ta a aljihun siket. Ƙarfe huɗu ta fara rawa. Sunan da ya fito: Maijidda. Na ce ga ƙarya, har da sunan mata. Na riga na shirya wa'azina tun safe, da ayoyi biyu. Na danna.

Mace ce. Da tabarau da mayafi, ga tukunyar fure a bayanta. Ta ce, "Barka da yamma, Mama. Saloma tana lafiya?" Na ce ke wace ce, mene ne tsakaninki da 'yata? Ta ce sunanta Maijidda, sauran bayanin kuma Saloma ce kaɗai ke da ikon yi mini. Na ce ni na haife ta! Ta ce, "Allah ya saka miki da alheri, Mama. Duk da haka ba zan iya ba." Da ladabi, ko ɗaga murya babu. Ban taɓa jin an hana ni abu da ladabi irin haka ba.

Ina cikin haka Saloma ta shigo a jiƙe. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta karɓi wayar, ta kashe, ta ce, "Mama, wuri ɗaya ne ya rage mini a duniya."

Alhamis, 12 ga Yuni

Ashe Saje ya sani. Shi ya ɗauko mata buhun dawan da kansa, da bayan nasa da yake kuka da shi!

Ya ce matar a Kaduna take, ƙwararriya ce a kan ciwon damuwa da fargaba, tana ganin mutane ta kiran bidiyo. Ebenezer ne ya nemo ta ta hannun wani likitansu. Saloma ta ƙi zuwa asibiti a nan don kada a gan ta a layi, gari ya ɗauka 'yar shugabar zumunta ta haukace. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ya ajiye rediyon, ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya sake ɗaukar rediyonsa.

Wato sunana take karewa.

Laraba, 18 ga Yuni

Huɗu ta yi, ta wuce. Wayar tana kan tebur, ta yi rawa sau biyu, ba ta fito ta ɗauka ba. Tuwon ya dawo yadda na kai shi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Tsakar gida ni na share.

Lahadi, 22 ga Yuni

Bayan sujada na shiga na zauna a bakin gadonta. Ta juya wa bango fuska. Na ce ki gaya mini me kuke yi da matar nan, ba faɗa zan yi ba. Sai ta juyo.

Ta ce magana suke yi. Idan ƙirjinta ya kama bugu kamar ranar daji, an koya mata jan numfashi tana ƙirga huɗu, ta riƙe, ta sake a hankali. Kowace rana kuma ta zaɓi ƙaramin aiki ɗaya ta yi, ko ba ta so. Sharar nan da na gani, shi ne. Na ce ta hana ki addu'a? Ta ce a'a, cewa matar ta yi ta ci gaba da addu'a, ta haɗa da wannan. Sai ta ce, "Amma ba zan iya magana ba, Mama, in na san kina bayan ƙofa kina shanya zanen da ya riga ya bushe."

Na ba ta haƙuri da yarenmu, C'lela. Da Hausa ya ƙi fitowa.

Litinin, 23 ga Yuni

Na je shagon Fidelis mai kayan gini. Na ce sakata nake so. Ya riƙe baki, ya ce da gurguwar Hausarsa: "Madam! Ba ke ne ya ce wa matana sakata shi ne ƙofar zunubi ba?" Na ce ka kawo babba, ka rage surutu. Saje ya ɗaura ta yana fito irin na fareti. Na yi kamar ban ji ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Huɗu saura goma na ƙwanƙwasa, ni da ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofa a gidana ba. Na miƙa mata wayar cike da caji. Na ce ni ina ƙofar gida ina tsince wake, daga can ba a jin komai, na gwada da Saje yana ihu a ɗakin. Ta dubi wayar, ta dube ni. Na fita.

Na zauna na fara tsince waken. Sai na ji ƙarar sakata. Ban san ƙarfe zai iya daɗin ji haka ba.

Ban gama tsince rabin kwano ba sai ga Josephine da wata 'yar zumunta, wai sun zo duba Saloma su yi mata addu'a. Na ce ku zauna nan, sai ƙarfe biyar, tana ganin likita ta waya. Josephine ta rage murya, "Wane irin ciwo ne, Mama?" Na ce ciwon damuwa, kuma ba sai kin yi raɗa ba. Ciwo ne kamar hawan jininki, yana da masu maganinsa. Mai tambaya ta zo wurina. Suka karɓi wake, muka tsince tare.

Gobe duk Zuru za ta ji. Ta ji.

Asabar, 5 ga Yuli

Ta raka ni kasuwa. A layin masu kayan miya wani babur ya yi ƙara, ta daskare. Na ga leɓenta yana ƙirga. Bakina ya cika da "yi sauri mana", na haɗiye. Muka sayo daddawa muka dawo.

Talata, 8 ga Yuli

Yau ba daɗi, ta yini a kwance. Na kai mata kunu, ban yi wa'azi ba. Saje ya ce a rubuta ranar a tarihi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ina tuƙa tuwo wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muciya ta faɗi daga hannuna. Ba kowa ba ne, kuskuren kira. Saloma tana kallona. Ta ce, "Mama, tun da aka kai Yaya Borno haka hannunki yake yi." Na ce zafin murhu ne. Ta kama hannun, ta ce mu ƙirga huɗu. Na ce wasan yara. Mun yi sau biyar.

Ya ɗan lafa. Ƙila iska ce ta kaɗa.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ta tsaya cikin mawaƙa yau, layin baya, a gefe. Amma na tsinci muryarta. Wani abu ya shiga mini ido, cocin nan na buƙatar shara.

Juma'a, 1 ga Agusta

Maijidda ta ce ba ta haɗa uwa da 'ya, sai ta ba da lambar wata abokiyar aikinta, dattijuwa. Na kira ta ƙarfe goma na safe, kawai don in san irin abin da ake gaya wa yaran mutane, haƙƙina ne a matsayin shugaba. Matar ba ta da surutu. Ni ce na yi ta magana, ban san awa ta cika ba. Ɗakin Saloma na ara.

Da yamma na tara su, Saje da ita, na kafa doka, kuma ga ta a rubuce don kada wani ya ce bai ji ba. A gidan nan, ranar Laraba daga huɗu zuwa biyar, da ranar Juma'a daga goma zuwa sha ɗaya, idan an ji sakata ta shiga, ba ƙwanƙwasawa, ba rediyo, ba shanya a kusa da ƙofa. Kuma ba a tambayar wa ke ciki.