Motar Ƙanena Tana Sunkuyawa Ba Kowa a Ciki

Malam, ka taimake ni, don a gida an fara yi mini kallon wanda ya zautu. Na haura sittin, na yi karatun da a da ake tashi tsaye idan na shigo, yau ko sallamata da ƙyar ake amsawa. Abin da ya rage mini tsohuwar motar ƙanena marigayi, wadda yake shiga filin tsere da ita. Na yi niyyar in zagaya filin da ita sau ɗaya kafin gwiwoyina su ƙi.

Bushin ɗin ƙafafunta, robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, duk sun tsattsage. Bakanike ya ce in sa jajayen nan masu tauri, na ƙi, na sa baƙaƙe irin nasa. Ni kaɗai na ɗaga ta a jak, na ɗaure notuna, na sauke. Tun ranar, da tsakar rana, ina tsaye a gareji, sai ta yi wani nishi ta sunkuya ɓangaren direba, kamar mutum ya zauna. Sau biyu na tarar da kujerar ta ja baya. Shi dogo ne, ni gajere. Uwar 'ya'yana ta daina shanya a wajen, ta ce ko motar ko ita. Da yana raye, ni yake zaunarwa a kujerar in yana ɗaure notunan ƙasan motar, ban taɓa tambayarsa dalili ba, ina ganin aikin ya yi mini ƙanƙanta. Robar ce ban zaɓa daidai ba, ko ba ya so in hau?

Yayan Marigayi

Baba, Allah ya ji ƙan ƙanenka. Dalilin da ba ka tambaya ba shi ne amsarka. Ba a ɗaure bushin na roba mota na rataye. In aka sauke ta, robar na nan a murɗe, tana saki a hankali, tana nishi. Shi ya sa yake zaunar da kai, don a ɗaure da nauyin direba a kai.

Bakanikenka bai yi ƙarya ba, jajayen sun fi riƙe mota in an sha kwana, amma suna son giris kuma suna jijjiga tsohon ƙarfe. Zagaye ɗaya, baƙaƙen sun isa. A duba tsatsa da birki, a canza makullin kujerar, kada ta zame maka a kwana. Me ya sa take tsayawa daidai tsawonsa, wannan ban sani ba.

Tsoron Mama ma ba wauta ba ne. Kira ta ta gani, a sassauta notunan, bakanike ya shiga ƙasa, kai ka zauna kamar da. Wannan karon da nauyinka za a ɗaure ta, kuma don kai. Allah ya kai ka ya dawo da kai lafiya.