Wa Ya Juya Ka Alƙibla, Baba?

Zuwa ga mahaifina Malam Habu, da ke kwance a maƙabartar Tsarnawa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan kana cikin ni'imar Ubangiji, ina rubuto maka daga gindin duwatsun Faransa, inda karatu ya kawo ni, aiki kuma ya riƙe ni. Inna tana lafiya, Yaya Hamisu ya ce gero ya yi kyau bana. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai.

Kai ake kira a Tsarnawa idan wani ya kai gargara. Ko kana tsakiyar noma sai ka jingine hauya, ka wanke hannu ka tafi. Ka kwantar da mutum kan damansa ya fuskanci alƙibla, ka sunkuya a kunnensa kana maimaita kalmar shahada a hankali. Da na zama saurayi ka riƙa tafiya da ni, kana cewa, "Ba a barin mutum shi tahi shi ɗai." Da taka ranar ta zo, ina nan ƙasar mutane. Har zuwa makon nan ban tambayi kowa wanda ya zauna a kanka ba, don tsoron amsar nake ji.

Asabar ɗin da ta wuce abokan aikina, Toma da Silbi, suka ja ni hawan dutse. Da ka ga wasan da muke yi, Baba, da ka ce rashin aikin yi ne. Wani allo mai santsi ake ɗaure wa ƙafafu biyu, mutum ya zamo a kansa daga saman dutse bisa dusar ƙanƙara. Na koya a wuraren da aka gyara, na sha faɗuwa kamar buhun wake daga amalanke, Toma yana yi mini dariya yana ɗaga ni. Wannan karon bayan dutse muka nufa, inda babu hanya babu mai tsaro. Muka goya allunanmu muka hau da ƙafa, kowa da shebur da siririyar sanda, da wata ƴar na'ura a ƙirji da ake bin kukanta idan ƙanƙara ta rufe mutum. A wata bukkar katako muka kwana.

Lahadi da hantsi muka kai sama. Toma ya fara sauka, yana yanka farar ƙanƙarar nan gwanin sha'awa. Sai na ji ƙara kamar katanga ta faɗi, gefen dutsen ya tsage ya gangara gaba ɗaya, ya tafi da shi. Da ƙurar ta lafa, babu Toma babu alamarsa.

Silbi ce ta fi mu sanin dutse. Ta bi kukan na'ura, ta yi ta soka sanda har ta taɓa shi, muka duƙufa haƙa. Ban san ƙanƙara tana taurin fako ba sai ranar.

Da muka kai fuskarsa, leɓɓansa sun yi baƙi, ba ya motsi. Na san wannan fuskar, kai ka nuna mini ita. Hannuna ya kama aikinka bai shawarce ni ba. Na yar da shebur, na kama kafaɗarsa ina ƙoƙarin mirgina shi dama, ina duban rana don in gane alƙibla, na sa bakina a kunnensa. Toma ba Musulmi ba ne, ko coci ban taɓa jin ya je ba, amma a lokacin ban tuna ba.

Silbi ta ture ni da ƙarfi. "Bakinsa tukuna," in ji ta. Ta sa yatsa ta kwashe ƙanƙarar da ta toshe masa baki, ta yi ta hura masa iska har ya yi tari. Ni na riga na fara raka shi, ita kuwa dawo da shi take yi. Ina durƙushe a gefensu har jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi.

Na je duba shi a asibiti ina jin nauyinsa. Ƙafa ta karye, amma bakinsa na nan da tsokana. Ya ce a cikin duhun nan ya ji wata murya a kunnensa, bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya san ba shi kaɗai ba ne. Na faɗa masa abin da nake cewa, da wanda ya koya mini. Sai ya tambaye ni, kai fa, wa ya yi maka haka da taka ranar ta zo.

Daga ƙofar asibitin na kira Inna, na tambaye ta wa ya juya ka alƙibla.

Ta ce ranar da ka rasu ranar kasuwar Konni ce, maza sun watse, Yaya Hamisu ya fita neman motar da za ta kai ka likita. Ita kaɗai ce a ɗakin. Ta ci gaba: "Shi yaj juya kainai. Yac ce in kama mishi kahwaɗa, yab birkita dama. Yac ce mini, hwaɗi, ina biya ki. Ina hwaɗi yana biya, har yab bari."

Ta ce mutane sun cika gida suna ta'aziyya, kowa na faɗin wanda ka zauna wa, amma babu wanda ya tambaye ta wannan. Ta daɗe tana jira ɗayanmu ya tambaya. Muka yi kuka tare, Baba, ni a bakin titi, ita a ɗakin da ka cika.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da kowane kunnen da ka sunkuya a kai. Ya ba Toma lafiya. Ya ja kwanan Inna, idan kuma nata lokacin ya zo, Ya sa ina kusa da kunnenta.

Ɗanka mai kewarka,
Isuhu