Damisar Baba

Daren Alhamis, cikin watan Rajab, 1992. Ƙauyen Giwa Tazo.

Na yi asarar akuya yau, amma wallahi raina fari ƙal.

Tun lokacin kaka Baba ke cewa damisa ta dawo dajin bayan fadama. Ranar da ya ga sawunta a laka, ya kifa ƙwarya a kai don kada shanu su tattake, ya kira mutane su gani. Aka yi ta dariya. Sani mahauci har kasuwar Jega ya kai labarin, wai tsufa ya sa tsohon maharbi yi wa sawun kare rumfa. Baba ya daina zama a ƙofar gida. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Da safen nan jar akuyata ta ɓace. Muka bi jini har gindin tsamiya, nan ya ƙare. Sani na cewa ai kura ce, sai Baba ya ɗaga sandarsa sama. Ga akuyata can tsakanin rassa, an cinye cinya ɗaya.

Baba ya ce, "Sani, kurarku ta Jega hawan icce takai?"

Sani ya durƙusa. "Baba, a gahwarce ni."

Samari suka ce a ɗauko bindiga, Baba ya hana. "Ku riƙa shigo da bisashe da wuri. Dajin da babu damisa gona ce."

Inna sai jajanta mini take yi. Ni kuwa ina jiyo muryar Baba a ƙofar gida, ya koma kan tabarmarsa, mutane sun kewaye shi. Akuyar nan ba ta tafi a banza ba.