Cibiyar Keken da Ƙanwata Ta Riga Ni Saya

Fresno, 14 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Efren,

Ka gafarce ni da ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Na san ba ka taɓa ganin rubutuna ba, wataƙila sai ka duba sunan da ke bayan ambulan sau biyu. Ni ce Noemi, babbar 'yar yayarka, wadda kake cewa a gaishe da mai shirun nan a ƙarshen katunan da kake aiko wa Dalia. A jikin ɗaya daga cikinsu na kwafi adireshinka ba tare da ta sani ba, wannan ma ina neman afuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na kamfanin kifi a Kodiak. Allah ya tsare hannuwanka daga wuƙa da sanyi, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kowa ƙalau, sai zafi. Inna tana can wurin cika kwalayen 'ya'yan itace daga safe har la'asar, Baba kuma sun fara shirin shanya inabi. Gwiwar Kaka ta yi sauƙi, har ta taka da ƙafarta zuwa coci ranar Lahadi, ta kunna maka kyandir. Jarrabawata ta yi kyau, in Allah ya yarda zan shiga aji na ƙarshe.

Kawu, abin da ba ka sani ba shi ne ni ma ina haɗa keken BMX. Wata takwas ke nan. Kowa ya san Dalia ce mai keke a gidanmu, ita ka koya wa tsalle tun tana shekara bakwai, ni ina zaune a bakin gareji ina riƙe muku sifana. Ba ƙorafi nake ba, tunawa kawai na yi. Firam ɗin a kasuwar gwanjo na samo shi, na kankare tsatsar, na shafa masa shuɗin fenti. Feda da sarƙa da sirdi duk ɗaya bayan ɗaya na tsinto su. Saƙa wayoyin ƙafa kuma daga wani littafi na laburare na koya, har ƙafar gaba da na saƙa ba ta ko girgiza in an juya ta. Abu ɗaya ya rage, cibiyar ƙafar baya, wannan ƙarfen na tsakiya da wayoyi ke kamawa. Ina bukatar mai huji talatin da shida da sanda mai kauri, wadda ba za ta lanƙwashe ba in an diro daga tudu. Sabuwa a shago ta fi abin da Inna take samu a kwana biyu, ban ma iya buɗe baki na tambaye ta ba.

Asabar uku da suka wuce na gan ta a kasuwar gwanjon. Tana cikin wani bokitin tarkace a rumfar wani dattijo mai hular kaba, a ƙarƙashin tsofaffin makullai. Baƙa ce, na ƙirga hujin sau biyu, na juya ta a kunnena tana kuka ƙar-ƙar-ƙar kamar gyare. Dattijon ya ce dala goma sha biyar, abin hannuna bai kai ba. Ka san halina. Maimakon na nemi ragi sai na ce na gode, na ajiye, na tafi ina zagaya rumfunan takalma ina shirya maganar da zan faɗa masa. Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Dalia. Kafin na gama shirya maganata ta je, ta ce masa wai Baba tsoho wannan ƙarfen ai ya girme ta, wa zai saya in ba mahaukaciya irinta ba, ta yaba hularsa, ta ba shi dala takwas da tamale ɗaya, alalen masarar nan, daga cikin waɗanda Kaka ta ƙunsa mana. Na hango shi yana dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka ni ta saya wa. Da na miƙa hannu sai ta jefa cibiyar a jakarta, ta ce wai Malama Littafi, kasuwa ba aji ba ce da ake ɗaga hannu a jira a kira mutum, kuma tata cibiyar ta fara zamewa, ni kuwa ko tsallake tiyo ban iya ba.

Da muka kai ƙara wurin Inna, ta ce mu yi amfani da ita tare. Kawu, ta yaya mutum biyu za su yi tarayya a cibiya ɗaya? Daga baya kuma ta ce ni ce babba, ni zan yi haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai, Dalia ba ta iya saƙa ƙafa ba. Ranar Litinin ta shigo da rim ɗinta, wato zoben ƙafar keken, da sababbin wayoyi ta zube mini a kan gado, tana kirana Yaya, sunan da ba ta tunawa da shi sai tana da bukata, wai duk Fresno babu mai hannu irin nawa. Ranar Asabar mai zuwa yaran unguwa za su taru a tuddan ƙasar da suka gina a bayan magudanar ruwa, tana so ta zama mace ta farko da ta tsallake babban. Na karɓa. Na zauna a inuwar bishiyar lemo ina saƙa mata cibiyar da ni na fara gani.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa da bakina ba, ko wurin furta zunubi. Na kusa gamawa sai rana ta haska gefen cibiyar, na ga tsaga siririya kamar gashi tsakanin huji biyu, ta ɓangaren sarƙa. Na san ma'anarta. Wata rana za a diro da ƙarfi, ƙarfen ya ɓalle, ƙafar ta naɗe. Kawu, abin da na fara ji daɗi ne. Na ji sanyi a raina cewa abin da ta ƙwace ba shi da kyau. Na zura waya, kanta ya rufe tsagar, na ɗaure sauran, na miƙa mata a haka. Kwana uku tana wucewa ta gaban tagata da gangan, ta daina taka feda don na ji kukan cibiyar, yaran layi suna binta suna tambayar inda ta samo. Ni kuma kekena yana kife a gareji da ƙafa ɗaya.

Ranar Alhamis na ga ta diro daga kan dakalin makaranta, ƙafar ta yi wata ƙara da ban so ba. A wurin cin abinci na faɗa musu akwai tsaga a cibiyar. Dalia ta ajiye cokali ta ce wai a taimaka a ba Noemi ruwa, hassada ta maƙale mata a maƙogwaro. Baba ya duba ƙafar bai ga komai ba, saboda ni da hannuna na rufe wurin. Inna ta ce na ba ta kunya. Babu wanda ya yarda da ni, kuma ban ga laifinsu ba, mako uku suna kallon fuskata. Dalia ta ce in na ƙara taɓa kekenta sai ta jefa firam ɗina a magudana.

Jiya da safe, da aka aike ta sayo madara, na ɗauki filaya na yanke wayoyin duka talatin da shida. Ita ce ƙafa mafi kyau da na taɓa saƙawa. Na wanke cibiyar da kananzir na ɗora a teburin kicin. Baba ya sa tabarau, ya ɗan matsa wurin da filaya, guntun ƙarfe ya faɗo cikin faranti. Na zaci za a ce na kyauta. Dalia ta daɗe tana kallon guntun, sannan ta tambaye ni a hankali yaushe na gani. Ban iya ƙarya ba, na ce Litinin. Ta ce ashe kwana uku ina kallonta tana tsalle a kai. Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba, ko tsokana. Kuma har yanzu in na tuna lokacin da nake yankan, ban san ko tsoro ne ya fi yawa a hannuna ba ko ɗayan abin.

Ga roƙona. A cikin baƙin akwatinka na gareji Inna ta ce akwai ƙafar bayan tsohon kekenka, amma ba mai buɗewa sai da izininka. Cibiya ɗaya ce, mu biyu ne. Sau biyu na rubuta cewa ka ba Dalia, sau biyu na yaga takardar, domin ba na so na fara rubuto maka da ƙarya. Ina son ta, Kawu, sosai nake son ta. Amma ka ambaci suna ɗaya, kada ka ce mu raba. Duk wadda ka ambata ni zan saƙa, kuma sai na duba kowane huji a rana, a gabanta, kafin na zura waya ko ɗaya.

Inna da Baba da Kaka suna gaishe ka, ko da yake ba su san na rubuto ba. Ka gaishe da Gwaggo Ofelia in ka je Anchorage, da 'yarta Itzel. Dalia ba ta ba ni saƙo ba, amma na san za ta so a gaishe ka.

In wannan doguwar takarda ba ta gajiyar da kai ba, ko za ka yarda na sake rubuto maka, ko da sunan da ka ambata ba nawa ba ne?

Taka 'yar,
Noemi