Sulhun da Labarinsa Ya Makara

Funtua, 14 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Awaisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Yasmin da 'yata Amatullah. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da sanyin ƙasar nan taku. Mu nan sai godiya. An gama cire masara a Tsiga, dawa ma ta kusa, Kawu Abubakar kuma ƙafar ta yi sauƙi, har ya koma hawa babur duk da an hana shi.

To, ka ja mana magana ba ka sani ba. Ka tuna saƙon muryar da ka aiko mini kana kukan karatun jarrabawar zama ɗan ƙasa? A gidan Inna na kunna shi muna ɓarar gyaɗa, ban rage sauti ba. Cewa ka yi yaƙin Amurka da Ingila ya hana ka sakat, ba ka san ta inda za ka ɓullo masa ba. Ni dariya na yi na wuce. Inna kuwa, ashe ta haɗa abinta a rai: kai kana Amurka, Yaya Almustapha yana Ingila, ga shi shekara biyu ba kwa ga-maciji. A ganinta kowannenku bindiga za a miƙa masa. Kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Ta sa aka toya waina aka yi sadaka, ta aika wa Malam Sanda ya sa ku a addu'a, sai da Kawu ya kira ni ya ce in zo in ji abin da ke damun mahaifiyata.

Da na ji, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na rantse mata yaƙin ya wuce shekara ɗari biyu, ta ce in ba shiririta nake mata ba in faɗi mafarinsa da ƙarshensa. Ka san Inna. Dole na zauna da waya na yi karatun da kai ya kamata ka yi. Na gaya mata a 1812 aka fara, kuma cikin dalilan akwai yadda Ingila ke tare jiragen ruwan Amurka tana kwashe ma'aikatansu, wai nata ne. Na ce har gidan shugaban Amurka sojan Ingila suka cinna wa wuta. Ta tambayi wanda ya ci, na ce kusan babu, don a ƙarshe sun sa hannu kowa ya koma iyakarsa ta dā. Ta yi tsaki, ta ce mutanen da harshensu ɗaya, kakanninsu ɗaya, sun sha wahalar banza.

Da na tsaya nan da shi ke nan, amma bakina bai iya shiru ba. Na ƙara mata cewa an sa hannun ne a Turai, takardar kuma jirgin ruwa ta biyo. Kafin ta iso, mako biyu bayan sulhun, aka gwabza a New Orleans, ɗaruruwan mutane suka mutu a kan faɗan da an riga an kashe shi. Inna ta ajiye tiren gyaɗar. Ta tambaye ni ko iyayen yaran nan sun san an yi sulhu kafin a kashe musu 'ya'ya. Sannan ta dube ni, ta tambaya, a namu gidan fa, wa aka bai wa takardar sulhun.

Awaisu, ni aka bai wa. Da Yaya ya zo Babbar Sallah, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya ce maganar da ya rubuta maka ranar rasuwar Baba, wai ka fifita takardu a kan jana'izar mahaifinka, zalunci ce. Ya ce daga baya ya gane in ka fito a lokacin ba lalle a bar ka ka koma ba, ga Yasmin da tsohon ciki. Na ga hawayensa da idona. Ya roƙe ni in isar maka, tunda ka toshe lambarsa. Na amsa, sai tsoro ya kama ni kada ka haɗa har da ni ka yanke. Yau gobe, yau gobe, wata biyar ke nan. Wannan laifina ne, kuma ina jin kunyarsa ƙwarai.

Ban ce ciwonka ƙarami ne ba. Kai kaɗai ka yi kukan Baba a ƙasar da ba mai zuwa yi maka ta'aziyya, aka bi ka da wannan magana. Na tausaya maka a lokacin, ina tausaya maka yanzu. Abin da nake so ka sani kawai, wanda kake fushi da shi ya daɗe da ajiye makami. Ka buɗe lambarsa, ko sallama ce ka yi masa.

Kawu Abubakar yana gaishe ka, haka maigidana da Asma'u. Ka gaida Yasmin, ka shafa mini kan Amatullah. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa. Inna tana zaune kusa da ni, ta hana a kai takardar gidan waya, ta ce in ɗauki hotonta in tura yanzu tana kallo. Ta ce in rubuta maka cewa ta tsufa, ba ta san ko tana da mako biyun jiran jirgi ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Sakinatu.