Inda Mutmainna Za Ta Tsaya

Minguettes, Liyon
Watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Malam Idrissa, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ɗan'uwa da ya daɗe bai ga fuskar ɗan'uwansa ba, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Na ji an ce gero ya yi kyau bana, Allah ya sa a ci lafiya. Yaya ƙafar mai ɗakinka Saadatou? Allah ya ba ta sauƙi, ya sa kaffara ne. Ɗana Moctar da iyalinsa suna can Stains kusa da Pari, lafiyarsu lau, shagon atamfarsa na Château Rouge kuma yana tafiya. Yana kirana duk Juma'a. Ni dai ga ni, alhamdu lillahi. Sanyi ya shigo, lokotoro ya ce zuciyata ta gaji, ya ƙara mini magani, ya kuma yi mini irin kallon da na gane ma'anarsa. Yawancin yini ina zaune bakin taga a benen nan, ina kallon taram, jirgin ƙasan cikin gari, yana zuwa yana komawa. Abokan da muka yi aikin izin tare, wato masana'anta, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga telehon. Maganar da ke bakina ba ta telehon ba ce. A telehon kafin mu gama gaisuwa layi ya fara tsinkewa, kuma na san in na ji muryarka ba zan iya faɗa ba.

Ka tuna ranar da zan baro gida zuwa Faransa, Inna ta riƙe hannuna a zaure, kana tsaye, ta sa na yi alkawarin cewa ko da rai ko ba rai ƙasar Damagaram ce za ta rufe ni. Bayan rasuwarta na sake maimaita maka alkawarin. Da mai ɗakina Hajiya Husainatu ta rasu a nan, ban yi wata-wata ba, muka kawo ta gida, kai ka sallace ta, aka rufe ta yadda ake rufe kowa, itace da ƙasa da fasasshen tulu a kai. Ni ma abin da nake jira ke nan. A kan wannan alkawari nake rubuto maka.

Ka san jikata Mutmainna, 'yar Moctar, wadda ta zo muku bara. Yanzu tana jami'a a Pari, tana karatun tarihin mutanen dā. Makon jiya ta hau jirgin ƙasa ta zo duba ni. Tana shigowa ta ce angon nata ya tsufa, ya rame, za ta nemi saki. Na ce mata amaryar da ba ta iya dama fura ba, ai ni za a yi wa jaje, ba ita ba. Hausarta gutsi-gutsi ce, tana cika ta da Faransanci, amma wasan jika da kaka bai ɓace mata ba. Ta dage sai ta fitar da ni na sha iska. Ta riƙe ni muka shiga taram, muka shiga metro, muka hau ƙaramin jirgin nan da igiya ke ja zuwa kan tudun Fourvière, inda Rumawa suka kafa birninsu tun kafin zuwan Annabi Isa. Shekaruna nawa a garin nan ina hango tudun, ban taɓa hawa ba sai ranar.

Rumawan nan ba baƙina ba ne. Kai Baba ya bar ka wajen allo, ni aka kama aka kai lakwal, makarantar boko. Mushen da ya koya mana tarihi, wani Bafaranshe mai jan wuya, ya sha ba mu labarinsu. Ya ce Rumawa mutanen tsari ne. Sahu-sahu suke yaƙi, garkuwa na jingine da garkuwa, duk inda suka ya da zango sai sun haƙa rami sun kewaye kansu, hanyoyinsu miƙaƙƙu kamar an ja zare, kuma komai nasu a rubuce. Golwa kuwa, mutanen asalin ƙasar nan, jarumawa ne masu dogon gashi, amma kowace ƙabila da sarkinta, ba su haɗa kai ba sai da aski ya zo gaban goshi. Aka tsare su a kan wani tudu har yunwa ta karya su. Sai kakannin Jamusawa da ke hayin kogi cikin kurmi, waɗanda suka rutsa da rundunonin Rumawa cikin ruwan sama da taɓo suka gama da su, daga nan Rumawa ba su sake zama a can ba. Mushe yana so mu yaba wa Rumawa. Mu kuwa in an fita shan iska muna wasan yaƙi, ba mai yarda ya zama Barume, kowa Golwa yake so, don kakanninmu sun ba mu labarin shigowar Nasara Damagaram, mun san ɓangaren da muke. Abin da ya fi ba mu daɗi shi ne jin cewa ashe Nasara ma an taɓa cin su da yaƙi.

A gidan tarihin da ke kan tudun, Mutmainna ta zaunar da ni a wani dogon ɗaki cike da duwatsun kabari. Ta ce Rumawa a bakin hanya suke jera kaburburansu, wajen gari, don matafiyi ya karanta sunan mamaci. Ta riƙa karanta mini tana fassarawa. Wannan soja ne, wannan mai jirgin ruwa, wannan mace ce da mijinta ya ce ba ta taɓa ɓata masa rai ba. Akwai na wani ɗan kasuwa daga Sham, akwai na wani mai aikin gilashi daga arewacin Afirka wanda ya tsufa a garin nan ya bar jikoki. Na ce mata ashe ba ni ne farkon baƙon da ya tsufa a Liyon ba. Sai na tambaye ta ina na Golwa, mutanena. Ta ce masanansu ba su yarda a rubuta iliminsu ba, a ka suke riƙe shi, da suka ƙare ya ƙare, harshensu ma ya mutu sai 'yan kalmomi. Na Jamusawan kuwa, ta ce Rumawa sun ba da labarin cewa tulin ƙasa kawai suke yi wa mamaci, suna ganin dutse nauyi ne a kansa. Na yi dariya na ce to ai waɗannan Hausawa ne, sun san gaskiya, bawa da sarki duk ɗaya ne a ƙasa, kuma wanda ya san ka ba ya bukatar dutse.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce yawancin abin da aka sani game da su daga bakin waɗanda suka yaƙe su aka ji shi. Sannan ta ba ni labarin zuwanta Damagaram, wanda ba ta taɓa ba ni ba, kai ma ba ka faɗa mini ba, na kuma san don kada ka tayar mini da hankali ne. Hajiya ce ta rene ta a ɗakin nan tana ƙarama, lokacin da uwarta ke aiki. Ashe babban abin da ya kai ta gida shi ne ta ga kabarin kakarta. A nan ƙasar, farkon watan nan, kowa yakan je maƙabarta da furanni ya share kabarin nasa, ita kuma cikin haka ta tashi. Ta ce ta tsinki furanni a wani lambu, matan gida suka yi ta kallonta, aka gaya mata mata ba su shiga maƙabarta. Da ta yi ta kuka, ɗanka Rachidou ya kai ta bakin katanga. Ya nuna wani gefe ya ce nan ne, ya sake dubawa ya ce ko kuwa can gaba kusa da itacen bedi. Damina ta baje komai, an yi sababbi a tsakani. Ta ce ta tsaya da furanni a hannu ba ta san inda za ta kalla ba.

Ban ga laifin kowa ba, Malam. Haka muka gada, ni kaina ba zan iya nuna kabarin Baba ba, kuma bai taɓa damuna ba, don ina da zauren da ya zauna, da masallacin da ya yi salla, da mutanen da in na ambaci sunansa za su ce Allah ya jiƙansa. Gari duka shi ne dutsensa. Ita fa? In na mutu, ofishin gidaje zai karɓi ɗakin nan, a shafa fenti, wani ya shiga. Ba wanda zai ce mata nan kakanki ya zauna. A cikin ɗakin duwatsun nan ta kama hannuna ta faɗa mini da Hausarta, kuma wannan karon ba ta sa Faransanci ko ɗaya ba: “Kaka, in ka tafi can, ina zan tsaya?”

Na kwana biyu ina juya maganar. Tun ina yaro nake bayan Golwa da mutanen kurmi, har yau kuma ina ganin hanyarsu ta fi kusa da tamu, ta fi kusa da tawali'u. Amma na lura da abu guda. Kabari marar suna na mutanen da ke zaune a ƙasarsu ne, masu yawa, masu harshe ɗaya, waɗanda in wani ya manta wani zai tuna. Dutse kuwa na baƙo ne. Mutumin Sham ɗin nan ba don girman kai aka sassaƙa masa suna ba, don ba shi da gari a nan da zai riƙe masa shi. Jikokina Faransawa ne, ko na so ko na ƙi, kamar yadda jikokin Golwa suka wayi gari suna magana da harshen Rumawa. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. 'Ya'yan Mutmainna ba za su ji Hausa ba, amma za su iya karanta suna.

Don haka na yanke shawara, kuma ina neman gafararka. Ina so a rufe ni a nan, a sashen Musulmi na maƙabarta, inda ake fuskantar da mutum alƙibla. Na san abin da za ka ce game da akwatin gawa, dokar ƙasar ce ta tilasta shi, na tambayi limaminmu ya ce lalura ce, ba laifi. Ba gini za a yi ba, ɗan dutse ne ƙarami, sunana da na Baba da kalmar Damagaram. Na gaya wa Alhaji Kamal, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar da ke kula da mayar da gawa gida. Ya ce in sake tunani. Moctar kuwa, da na gaya masa a telehon, na ji numfashinsa ya sauka.

Da na gaya wa Mutmainna, na zaci za ta yi murna. Sai ta tambaye ni, to Hajiya fa, ita kaɗai za a bari can? Har yanzu ina juya tambayar nan. Na gaya wa kaina cewa ko an kai ni gida ba kusa da ita za a sa ni ba, sai inda masu haƙa suka kai a ranar, kuma Hajiya tana tsakiyar danginta, ba ta rasa masu yi mata addu'a. Duk gaskiya ne. Amma ni na ɗauko ta daga gidan ubanta na kawo ta ƙasar sanyi, ni na mayar da ita, na ce mata a zuciyata ina nan tafe. Yanzu teku da hamada za su raba mu har tashin ƙiyama. Wannan shi ne abin da ke ci na in na zauna bakin taga. Na auna mamaciya da mai rai, na zaɓi mai rai, ban kuma sani ba ko na yi daidai.

Kai ne shaidar alkawarin da ya rage a duniya. Kai malami ne, in akwai kaffarar da ta hau kaina ka faɗa mini in yi tun ina da iko. In ranka ya ɓaci, ka ɓata shi a kaina, kada ka ɗora wa yarinyar, ba ta roƙe ni komai ba, tambaya kawai ta yi. Ka ba ni amsa da wuri, ko a takarda ko ta bakin Rachidou, don lokotoro bai yi mini alkawarin ganin bazara ba.

Ka gaishe mini da Saadatou da kyau, da Rachidou da iyalinsa, da ƙanwarmu Biba, ka karanta mata takardar nan a hankali, ka bar ta ta yi kukanta. Ka gaishe da Fatsima da yaranta, da dattawan masallacinmu waɗanda suka rage, duk wanda na ɓata wa ya yafe mini. Ranar da labari ya iso muku, ku yi mini salla daga nan, ku yi sadaka a ƙofar gida yadda aka saba. Kada a tura kowa filin jirgi.

Allah ya sada mu da alheri, in ba a nan ba, a inda ba a rabuwa.

Naka yayanka,
Abdourahamane Mai Moussa